Bangon da ake naɗewa a saɓa a kafaɗa

Mai sayar da zana a kasuwar Goronyo ko ta Achida ba ya saurin faɗin kuɗi. Ka dafa ɗaya daga cikin waɗanda ya jingine, ka ce, "Baba, wannan nawa?" Sai ya dube ka tukuna.

"Mi za ka yi da ita, ɗana? Rumfa ko makewayi?"

"Makewayi ne, Baba."

"To bar wagga, ta rumfa ta, ido na ratsa ta. Taho ka ga wadda anka yi don aikinka."

Ga baƙo duk ɗaya ne, ciyawa ce aka saƙa aka naɗe. Ga wanda ya san hannu kuwa, zanar rumfa daban, ta makewayi daban, wadda za a kewaye gida da ita daban, wadda za a shimfiɗa a kan azara kafin a zuba ƙasar rufi ita ma daban. Bambancin yana cikin kaurin kara, da yawan karan da ake ɗebowa a kowane zubi, da yadda aka matse saƙar. Tun kafin masaƙin ya tsuguna ya riga ya yanke yawan iskar da bangon zai bari ta wuce, da yawan hasken, da abin da idon mai wucewa zai iya hangowa. Nan gwanintar take.

A shagunan kayan gini na birni yanzu ana sayar da allunan bango na zamani, falle biyu na kwano ko na roba, an cusa soso a tsakani, an yi wa fuskar ado. Masu tallarsu suna yaba rashin nauyinsu, da tare zafi, da kyan gani, da saurin kafawa. Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai mutanen Wurno da Rabah da Goronyo sun daɗe da abin da ya haɗa waɗannan duka, da lauje da yatsu goma suke yin sa, kuma arharsa ce ta sa aka raina shi. Magini yana da sarauta, maƙeri yana da ita, mai zana kuwa ana yi masa kallon manomin da ke rage zaman rani.

Daga gamba aikin yake farawa. Ciyawa ce mai dogon rai, rani ba ya kashe ta. Gindinta yana nan cikin ƙasa, da ruwan farko ya sauka sai ta toho, kafin kaka ta ɗara mutum tsawo nesa ba kusa ba, a wuri mai albarka har ta kai mita uku ko fiye. Manoma sukan dasa ta a kan iyakar gona, ta zama shaida tsakanin maƙwabta, ta riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe, tohonta shanu su ci, karanta kuma a yanka. Lokacin yankan shi ne darasin farko. In aka yi gaggawa aka yanke ta ɗanya, za ta bushe ta motse, bayan wata guda saƙar ta yi sako-sako. In aka bari hunturu ya gama da ita kuwa sai ta yi gautsi tana karyewa a hannu, in ma gobarar daji ba ta riga ka ba. Tsakani ake nema, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da karan ya ƙosa ya fara komawa ruwan ɗorawa amma bai rasa laushinsa ba. Daidai lokacin ne kuma dawa ke jiran girbi, saboda haka mai son gamba mai kyau dole ya raba yininsa biyu.

A ɗaure dami-dami, a kawo gida a jaki ko a amalanke, a jingine ta ƙarasa shan iska. Sannan a zauna a ware: masu kauri gefe guda, sirara gefe guda, karkatattu da waɗanda ƙwaro ya huda a tura su jinka ko murhu.

Masaƙin zana ba shi da ƙoshiya, ba shi da zare. Fili mai laushi a gindin bishiya, buta da ruwa, wuƙa, shi ke nan. Sassafe ya fi so, lokacin da raɓa ta tausasa karan, in rana ta ɗaga kuma ya riƙa yayyafa ruwa don kada ya karye a wajen lanƙwasawa. Yakan ɗebo kara kaɗan-kaɗan ya jera su a karkace, wani sahu ya kwanta dama wani hagu, yana ɗaga wannan yana cusa wancan, kamar dai mai kitso. A kan abin da ya saƙa yake tsugune, dugadugansa ne ke danne aikin kada ya warware, yana saƙawa yana jan jiki gaba. Ka dubi hannunsa za ka ga tabon kaifin ganye a yatsu, fatar tafin ta yi kanta.

Abubuwan da ke raba gwani da ɗan koyo ba a ganinsu sai an matso. Karan gamba gindinsa kauri gare shi, kansa siriri. In duk gindin ya taru a gefe guda, zanar za ta fito ƙasa da ƙiba sama da rama, ta fara karkata tun ba a kafa ta ba. Don haka gwani yake juya su, wannan gindi sama, wancan gindi ƙasa, har kaurin ya daidaita. Haka nan wajen ƙari. Kara yana ƙarewa, dole a sako sabo, amma ba ya yarda mahaɗa biyu su faɗo wuri ɗaya, don ta nan iska za ta fara ɓarka ta. Sai kuma baki. Idan karan ya iso gefe ba a datse shi, lanƙwaso shi ake yi a murɗe a mayar cikin saƙar, kuma a bakin ake gane hannun mutum. Zana mai kyakkyawan baki ko ta tsufa tsakiyarta ce za ta fara hujewa. Mai mugun baki tun a hanyar kasuwa take fara zubar da kara. Babu ƙusa a jikinta, babu danƙo, babu igiya, karan ne ke riƙe da junansu.

Karkacewar nan ma ba don kwalliya kaɗai ba ce. Da a miƙe aka jera karan aka ɗaure, in ɗaya ya zame sai ya bar kafa tun daga sama har ƙasa. A karkace kuwa kowane kara ya ratsa wasu da yawa, duk wanda aka ja sauran sun riƙe shi, nauyin ya rarrabu. Ita ce kuma ta sa zana take naɗuwa ba tare da ta karye ba, in an warware ta kuma ta tsaya da ƙafarta. Mai saye da ya san abin yakan ɗaga gefe ya girgiza, ya saurara ko akwai karan da ke kaɗawa, sannan ya ɗaga ta saitin rana ya ga yadda hasken ke ɗigowa. In ɗigon ya zo daidai da daidai ko'ina, an yi aiki.

Batun sanyin zana yana da dalilai fiye da ɗaya. A ƙasar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yakan haura 40 da rana, kuma wanda ya taɓa yin azahar a ɗakin kwano marar silin ba ya bukatar a karanta masa ma'auni. Na farko, fasa karan gamba ka duba cikinsa, totuwa ce fara mai ƙananan ƙofofi cike da iska. Iskar da aka tsare wuri ɗaya tana cikin abubuwan da zafi ya fi shan wahalar ratsawa. Kankare yana wucewa da zafi wajen sau hamsin fiye da ita, ƙarfe kuma wajen sau dubu biyu. Soson nan da kamfani ke cusawa tsakanin fallayen kwano ba wani abu yake yi ba illa tsare iska a ƙananan ɗakuna, abin da Allah ya riga ya yi a cikin karan.

Na biyu, zana ba ta ajiyar zafi. Bangon bulo yana shan rana tun hantsi, ya adana, ya dawo maka da ita bayan isha'i lokacin da kake neman barci. Ginin ƙasa mai kauri ya fi shi dabara, domin yana jinkirta zafin har yamma, amma shi ma in Afrilu ya kama, dare ba ya isarsa ya huce, shi ya sa kowa ke fitowa tsakar gida da tabarmarsa. Zana ba ta da jikin da za ta riƙe zafi. Rana na faɗuwa ta huce. Ga kuma ƙofofin saƙar, waɗanda ke tace iska su bar ta ta shigo a hankali. Mai shago da ke yayyafa wa zanar rumfarsa ruwa da tsakar rana ya san abin da yake yi, domin iskar bazara a nan busasshiya ce, in ta ratsa jiƙaƙƙen kara sai ta kwashi ruwan ta bar sanyi. A Indiya haka suke yi da labulen da ake saƙawa da saiwar wata ciyawa 'yar uwar jemar da ke fadamunmu, a rataye a taga a riƙa jiƙawa.

Ƙofofin da suka yi rana da bazara su ne ke shigo da sanyi da ƙura da hunturu, wannan gaskiya ne. Maganin da aka saba shi ne a ninka, a ɗora zana a kan zana yadda ƙofar wannan za ta faɗa kan karan waccan. Tsakanin biyun kuma wata iskar ta tsaru.

Kafawa ba ta da wani labari mai tsawo, kuma wannan shi ne yabonta. A haƙa ramuka, a kafa dirkoki na dogon yaro ko na duk icen da ya samu, a ɗaura tanka biyu ko uku a kwance, a warware zanar a jingina, a bi da igiyar kaba ko ta rama a ɗaure. Inda falle ya haɗu da falle a ɗora baki kan baki. Mai lura yakan ɗaga ƙasanta kaɗan, ko ya jera duwatsu, don kada ta taɓa danshi gara ta samu hanya. Mutum biyu sun isa su kewaye madafa da makewayi kafin azahar, kuma yaro ma yana iya saɓo naɗi guda daga kasuwa. In an tashi ƙaura a kwance igiya a naɗe bango a ɗora wa jaki. Ga hadarin farkon damina, mai zuwa da iska kafin ruwa: shingen kwano yakan tare iskar gaba ɗaya har ta tumɓuke shi, ta yi jifa da falle mai iya yanka mutum, ita kuwa zana rabin iskar ta cikinta yake wucewa. Ko ta faɗi, ɗagawa ake yi a sake ɗaurewa.

Shi ya sa sabon gida da ita yake farawa. Ango ya samu fili, ya gina ɗaki ɗaya, sauran duk zana, katangar ƙasa sai shekara ta yi kyau. Kuma ita ake fara nema idan gari ya watse. A ambaliyar Satumban 2010, da gulbin Rima ya tumbatsa ya shafe ƙauyuka a ƙasashen Goronyo da Wurno, gidajen ƙasa narkewa suka yi. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen Tabanni a Yulin 2018 jama'a suka kwararo Gandi, a ƙasar Rabah, da abin da hannu ya iya ɗauka. Mutumin da ya tsinci kansa a fili da iyali, bayan abinci, ba abin da ya fi damunsa kamar sutura, wurin da matarsa za ta kewaya ba a gan ta ba. Tamfol yana tare ruwa, amma da rana ba ya zaunuwa. Zana tana ba shi sirri da inuwa a yini ɗaya.

Manoman albasa na kwarin Rima su ma sun san darajar bango mai numfashi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara faɗi, albasa da tafarnuwa da shinkafa, kuma ribar albasa ba a ranar cira take ba, tana ga wanda ya iya ajiye ta har kasuwa ta tashi. Albasa kuwa inuwa take so da iska. A kulle ta a ɗakin kwano ta dahu ta ruɓe. Shi ya sa ake yi mata rudu, a ɗaga dandamali na itace daga ƙasa, a shimfiɗa kara, a zuba ta, a kewaye da ciyawa a rufa jinka. Dabarar dai ita ce ta zana, a hana rana shiga, a bar iska ta yi ta kai da kawo.

Wajen ado, zana ba ta da hayaniya. Kyanta yana cikin layukan nan masu hawa da sauka, da launin sabuwar gamba mai sheƙi, wanda damina ɗaya ke mayarwa toka-toka. Mai son kwalliya sosai asabari yake nema. Shi ba a karkace ake yin sa ba, siraran karan tsaure ake jerawa a kwance ɗaya bayan ɗaya, a bi su da zare sahu-sahu, wani a rina karan ko zaren ja da kore da baƙi a fitar da zane. A rataye shi a ƙofar ɗaki, na ciki yana ganin tsakar gida, na waje ba ya ganin ciki, kaji da ƙudaje sun tsaya, iska ta wuce. In an so haske a naɗe shi sama a maƙale. A tsofaffin soraye, ka ɗaga kai za ka ga irinsa kwance a kan azara, yana hana ƙasar rufi zubowa, yana kuma ƙawata saman ɗakin. Ni dai ban ga labulen roba da ya kama ƙafarsa ba.

Aibinta kuma ba ɓoyayye ba ne. Wuta ce babbar abokiyar gabarta. Da hunturu, garwashi ɗaya daga murhu ko kaskon jin ɗumi ya isa, kuma inda gidaje suka haɗa danga gobarar gida ɗaya ta unguwa ce. Sai gara, sai ruwa. Zanar da ke waje damina biyu ko uku take yi a nemi sabuwa, ta cikin inuwa ce ke daɗewa. Awaki ma ba sa raga mata in rani ya yi tsanani. Wanda ya samu kuɗi ya koma bulo da kwano ba wauta ya yi ba, gudun gobara yake yi da gudun yawan sabuntawa. Abin da ya saya a madadin haka shi ne zafi, da kuɗin fanka, da jiran wutar lantarki.

Gambar ita kanta tana ja da baya. Gonaki sun cinye saura, kuma dazuzzukan da ake shiga yanka, irin su Gundumi, yau ba mai shigarsu da lauje hankali kwance saboda 'yan bindiga. Abin mamaki, a arewacin Ostareliya kukan yawanta ake yi. A shekarun 1930 aka kai ta can don kiwon shanu, ta fi ƙarfin makiyaya ta bazu cikin daji, tana haddasa gobara mai cin manyan itatuwa, har a 2012 gwamnatinsu ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa. Suna kashe kuɗi su kashe ta, mu muna neman dami.

Sauran duniya ba ta raina ciyawa a gini yadda muke yi ba. A Suwidin, cikin shekarun 1930, aka gano cewa in an matse karan alkama da zafi zai manne da kansa ya zama allo, a lulluɓe shi da takarda mai kauri. Allunan Stramit ke nan, waɗanda aka yi rufi da bangon ciki da su a gidaje masu yawa a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Senegal, kacalar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, irin wadda ta addabi fadamun Haɗeja da Nguru, ita suke yankewa suna yin allunan tare zafi da ita. Karan shinkafar da ake tarawa bayan girbi a fadamar Wurno bai fi na alkama rauni ba. Kuma a Wurnon nan aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, wanda a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban mai mulki.

Abin da zana ke bukata ta shiga gidan zamani bai kai a kafa masana'anta ba. Awo ne na farko. Yanzu da taku ake auna ta, kowane masaƙi da nasa, in kuwa kafinta ya haɗa firam na katako mai awo ɗaya, masaƙi ya saƙa daidai cikinsa, an samu allon da za a ɗaura da ƙusa huɗu a cire in ya tsufa. A ƙarƙashin kwano ya fi amfani, a matsayin silin, a bar rata tsakaninsa da rufin yadda iska mai zafi za ta fita ta gefe. A nan ba ruwa, ba akuya, gara ma sai ta yi tafiya. A nesanta shi da wayar lantarki, ko a sa wayar cikin bututu. Don wuta da ƙwari kuma akwai gishirin boraks, wanda ake jiƙa gora da ciyawar rufi a cikinsa a ƙasashe da dama, yana korar ƙwari yana rage saurin kamawar wuta, ko da yake ruwan sama yana wanke shi, don haka na cikin ɗaki ne. Ɓangaren da ke kusa da murhu a yi masa siririn yaɓe na laka. Gamba kuwa a koma dasa ta a iyakar gona yadda aka saba, tun da gindi ɗaya shekara da shekaru ake yankarsa ba a sake shuka ba. Masu saƙar suna nan, ba sai an koya musu komai ba sai awon. Sauran magana tana ga magidancin da ya iya sayen kwano, ko zai yarda baƙo ya ɗaga kai a falonsa ya ga ciyawa.